Godiya ga masu shagon kayan sauti na titin Emir Yahaya, Sakkwato

Assalamu alaikum jama'a. Godiya ce na zo yi a bainar jama'a ga Malam mai shagon kayan sauti na titin Emir Yahaya nan Sakkwato, shi da yaransa, kan maganar amfilifaya da sunka zaɓa man. Bai so a ambaci sunansa ba, amma masu harkar sun san wa nike nufi.

Sifikun da nike da su manya ne masu tsayuwa a ƙasa, na hannu ne, yayana ya bar man su. Tsohuwar amfilifayar da nike jona su da ita in ka sa karatu ƙasa-ƙasa lafiya lau, amma da ka ɗan ƙara murya musamman kiɗan da ke da ganga ko kotso sai sautin ya dushe ya fara karkarwa, bayanta ya yi zafi rau, can sai ka ji ƙas ta ɗauke da kanta. Duk wanda na gaya wa sai ya ce wat ne ya yi kaɗan, je ka nemi mai dubu biyu ko dubu uku.

Malam bai fara da maganar wat ba ko kaɗan. Cewa ya yi in ɗauko hoton takardar da ke manne bayan sifikar. Ya duba ya ce to ga matsalar nan, om 4 ce (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke turje wa wuta), kuma ƙarar da take badawa 85 dB ce kawai (dB ma'aunin ƙarar sauti ne). Ya yi man bayani dalla-dalla cewa yawancin ƙananan amfilifaya na gida an yi su ne don sifika mai om 8, ita mai om 4 kuwa ninki biyu na wuta take ja, kuma wannan 4 ɗin ma ba tsayayya ba ce, wurin sauti mai kauri takan faɗo ƙasa da haka, nan ne injin ke galabaita. Ita kuma dB, duk ragin 3 sai ka ninka wat kafin ka samu ƙara iri ɗaya. Wato sifikata mai 85 tana buƙatar wat ninki huɗu na abin da mai 91 ke buƙata. Wallahi ban taɓa samun ɗan kasuwa ya tsaya ya fahimtar da ni haka ba alhali ga wasu kwastomomi na jira.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya hana ni sayen wadda idona ya faɗa kanta. Wata ce mai fitilu kala-kala an rubuta 3000W ɓaro-ɓaro a kwalinta, kuma ta fi tsada, ribarsa ce da ya yi shiru. Ya juya kwalin ya nuna man PMPO a ƙananan haruffa, ya ce Alhaji wagga lamba ta talla ce, RMS za ka riƙa nema, wato wat ɗin da take iya badawa a ɗore, kuma ka duba layi biyu, nawa take badawa a om 8 nawa a om 4. In ta ce 100 a 8 sannan ta kusa 200 a 4 to tana da ƙashin baya. In ba su ma rubuta na om 4 ba, ka bar musu kayansu. Ya ƙara da wani abu da ya kamata kowa ya ji, wai ƙaramar amfilifaya da anka matsa wa ta wuce ƙarfinta takan ƙone ƙaramar sifikar sama mai siririn sauti, don haka ƙarami ba shi ne lafiya ba.

Daga nan ya ajiye man guda biyu kan tebur. Ɗaya irin da ake kira Class AB ce, ya ce ɗaga ka ji, sai da na sa hannu biyu, ya buɗe murfin ya nuna man tiransifoma zagayayya da manyan kafasito, ya ce nauyin nan shi ne ƙarfinta. Ɗayar Class D ce marar nauyi. Ni da na ɗauka mai nauyin zai tura man, sai ya tambaye ni ko falona na da AC kuma da wace wuta nike amfani. Na ce fanka ce kawai, kuma sola da inbata. Ya ce to ɗauki D, don kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ci sifika take tura wa, ba ta tara zafi, kuma kun san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40. Batir ma zai fi jimawa. Akwai wata ta Amurka mai kyau a gefe, ya ce waccan 120 bolt ce, tamu wutar 230, sai da step-down, kar in ɗora wa kaina ɗawainiya.

Bai tsaya nan ba, ya haɗa ni da yaronsa munka tafi da ita gida gwaji tun ban biya ba. Yaron ya cire siririyar wayar da ke jone ya sa mai kauri ta tagulla, ya tabbatar ja na kan ja baƙi na kan baƙi, ya fiddo injin daga cikin kabad ɗin da nike rufe shi ya ce a bar masa iska, in hunturu ya shigo a riƙa busa ƙura daga ramukan. Munka sa kiɗan fada, ganga ta fito cas kowane bugu daban, injin ya daɗe yana kunne sannan yaron ya kama hannuna ya ɗora kan murfin, ɗumi kawai. Kuɗin mota ma sai da na matsa masa kafin ya karɓa.

Malam, na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka da alheri, ya buɗa kasuwa, ya yi wa yaran nan albarka. Duk mai sifika mai om 4 da ke wahal da shi, ya ɗauki hoton takardar bayanta ya same su a shago, sun fi samun sukuni bayan la'asar.