A riƙa tunawa da gwanar ninƙaya Katie Ledecky

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi ƙorafi: shafinku na wasanni kullum ƙwallon ƙafa ne, alhali akwai gwanaye irin su Katie Ledecky, 'yar Amurka mai ninƙayar dogon zango, da ya kamata masu karatu su san su.

Tana da shekara 15 kacal ta ci lambar zinare a tseren mita 800 a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Ta sake cinye wannan tseren a Riyo a 2016, inda ta ba ta biyu ratar fiye da daƙiƙa 11, sannan a Tokiyo, sannan a Paris a 2024. Sau huɗu a jere! Ga wanda bai sani ba, mita 800 na nufin ratsa kwamin ninƙaya mai tsawon mita 50 har sau 16 ba hutawa. Na mita 1500 kuwa sau 30 ne, kuma ita ce ta fara cin zinarensa da aka shigar da shi ɓangaren mata a Tokiyo.

Lambobinta na Olamfik sun kai 14, tara daga ciki na zinare. Abin da ya fi burge ni shi ne, a 2025, tana da shekara 28, ta karya tarihin da ita da kanta ta kafa a mita 800 tun 2016.

Don Allah ku kawo mana cikakken tarihinta.

Na gode.
Mai karanta jaridarku a kullum