Dalilan da Suke Sa Wasu Masu Babura Ba Sa Hawan Baburansu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ba kasafai ake tattauna shi ba, duk da cewa duk wanda ya yi hulɗa da masu babura ya san shi. Mutum zai tara kuɗinsa ya sayi babur cikin ɗoki da zumuɗi, ya yi 'yan makonni kullum yana bisa, daga nan sai hawan ya fara ja da baya, har a wayi gari babur ɗin ya koma lungu an lulluɓe shi da tamfol, a yi wata da watanni ba a ji ƙarar injinsa ba. Maganata ba ta shafi wanda babur shi ne ƙafarsa kuma da shi yake neman abinci ba, domin shi wannan ko ana ruwa ko ana rana dole ya hau. Wanda nake nufi shi ne mai wata hanyar zirga-zirga, ko mota ko bas ko jirgin ƙasa, wanda ya sayi babur don sha'awa ko don ya tsere wa cunkoson titi.

Abin ya fi yadda ake zato yawa. A Amurka, alƙaluman hukumar tarayya mai kula da manyan hanyoyi sun daɗe suna nuna cewa a matsakaici babur ba ya cin mil 3,000 a shekara, alhali ƙaramar mota tana haura mil 10,000. A Jamus kuwa tun shekarar 1997 ake bayar da lambar abin hawa ta 'yan watanni, wadda ake rubuta watan farawa da watan ƙarewa a jikinta, kuma masu babura na cikin waɗanda suka fi amfani da ita, saboda sun san da sanyi ya kama babur zai shiga ɗaki sai bazara. Yanayi yana da nasa kason ke nan, amma bai isa ya zama amsa ba, tun da akwai baburan da suke kwance ko a ranar da gari ya yi lumui.

Idan ka tambayi mai irin wannan babur, amsar da ta fi saurin fitowa daga bakinsa ita ce babu lokaci. Ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya. Wanda zai hau babur yadda ya kamata sai ya sa hular kwano, ya sa riga mai kauri da safar hannu da takalmin da ya rufe idon sawu, ya duba iskar taya, ya dubi sama ya ga ko hadari na haɗuwa, sannan ya yi tunanin inda zai ajiye duk wannan kaya idan ya isa. Mota kuwa buɗe ƙofa ne kawai, ga wurin yara, ga wurin kaya. A kowace safiya da 'yar tazara kaɗan mota take rinjayar babur, amma idan safiyoyin suka taru sai ka ga shekara ta wuce. Sai dai a ganina ba a nan gizo yake saƙar ba, domin mutumin da ya ce ba shi da lokaci yakan sami lokacin wasu abubuwan da ransa yake so.

Dalilin farko da na fi ba wa nauyi shi ne, mutane da yawa ba babur ɗin da ya dace da rayuwarsu suke saye ba, suna sayen wanda ya dace da tafiyar da suke mafarkin yi wata rana. Honda Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a 1958 kuma adadinsa ya kai miliyan 100 a shekarar 2017, nauyinsa bai wuce kilo 100 da 'yan kai ba, shi ya sa ba wuya a fito da shi ko da tafiyar ta minti biyar ce. Amma manyan baburan doguwar tafiya irin su Honda Gold Wing sun haura kilo 350. A kan buɗaɗɗiyar hanya daɗinsu ba ya misaltuwa, sai dai kafin a kai ga buɗaɗɗiyar hanyar dole mai shi ya turo shi da baya daga matsattsen wuri, yana dogara ƙafa ɗaya, yana tsoron kada tafin takalminsa ya zame a kan yashi, domin ya san idan babur ɗin ya karkata ya wuce wani mizani babu ƙarfin da zai tare shi, kuma idan ya kwanta ba lalle ya iya ɗaga shi shi kaɗai ba. Wanda ya taɓa yar da irin wannan babur a gaban jama'a yakan daɗe bai manta ba. Ga kuma zafin injin da yake gasa cinya a cikin cunkoso, da kulocin da yake gajiyar da hannu. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne kuɗin sayen babban babur ba ya zuwa da wuri. Binciken ƙungiyar masana'antun babura ta Amurka ya nuna cewa a 2018 matsakaicin shekarun mai babur a ƙasar ya kai 50, alhali a 1990 shekara 32 ne. Ashe sau da yawa lokacin da aljihu ya yarda, gwiwa da baya sun fara ƙorafi.

Dalili na biyu shi ne wanda ba a faɗa, wato tsoro. Ban taɓa jin magidanci ya buɗe baki ya ce ya daina hawa saboda yana jin tsoro ba. Zai ce batir ne ya mutu, ko takardu ne suka ƙare, ko yana jiran damina ta wuce. Amma idan ka zauna da shi hira ta yi nisa, sai ka ji labarin ranar da wata mota ta yanko masa hanya a mahaɗa, ya damƙe birki, tayar baya ta yi gefe, ya tsaya taku ɗaya tsakaninsa da ƙofar motar, direban ya ce wallahi bai gan shi ba. Babu ko ƙwarzane a jikinsa, ya koma gida lafiya, ya kafe babur, kuma tun daga ranar duk lokacin da ya ɗauki makulli sai ya sami dalilin mayar da shi. Wani kuwa jana'izar abokin hawansa ce ta karya masa gwiwa. Wani haihuwa aka yi masa, ya dubi jaririn ya ga cewa ransa yanzu ba nasa ba ne shi kaɗai, ko kuma mahaifiyarsa ce ta roƙe shi, ko uwargida ce ba ta iya runtsawa sai ta ji ƙarar injin ya dawo.

Ni ban ga abin dariya a cikin wannan tsoro ba, kuma ina ganin kuskure ne babba abokai su riƙa yi wa irin wannan mutum gori. Tsoron yana da tushe. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta sha bayyana cewa idan aka auna da nisan tafiya, yiwuwar mai babur ya rasa ransa ta ninka ta wanda ke cikin mota fiye da sau 20. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda aka fitar a 1981 bayan an bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Anjeles, ya gano cewa a kusan kashi biyu cikin uku na karon babur da wani abin hawa, ɗaya direban ne ya shiga hanyar mai babur. Wanda ya auna wannan ya ce ya haƙura, ya yi abin da hankali ya yarda da shi. Abin da yake damuna shi ne wanda bai haƙura ba kuma bai ci gaba ba, wanda yake fito da babur sau biyu ko uku a shekara. Wannan binciken dai ya nuna cewa fiye da rabin waɗanda haɗarin ya rutsa da su ba su kai wata biyar da fara hawan babur ɗin da suka yi haɗarin da shi ba. Abin da na fahimta daga nan shi ne sabo da babur kariya ce, kuma mai hawa jefi-jefi, ko ya shekara goma da mallakar babur ɗinsa, hannunsa bai gama sanin inda birki yake kamawa ba, idonsa ya manta yadda ake karanta kwana da take-taken direbobi. Idan ya fita sai ya ji jikinsa a sandare, tafiyar ba ta yi masa daɗi ba, ya dawo da ƙarin dalilin ƙin fita gobe.

Shi kansa babur ɗin, zaman da yake yi ba hutu ba ne a gare shi, kuma wannan ne ɓangaren da masu shi suka fi jahilta. Fetur yana lalacewa idan ya yi 'yan watanni a tanki: sassansa masu saurin kama wuta suna tashi su bi iska, abin da ya rage ya zama danƙo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan bakanike yana buɗe kafiretar babur ɗin da ya daɗe a ajiye ya ga wannan danƙon da idonsa, ruwan ƙasa ko kore-kore, mai wari kamar tsohon fenti, ya toshe 'yan ƙananan ramukan da mai yake bi, waɗanda wasunsu ba su fi bakin allura ba. Idan fetur ɗin mai haɗin itanol ne, wato wani sinadari da ake samu daga tsirrai ana gauraya shi da fetur, yana kuma jan danshi daga iska, ruwa ya taru a gindin tanki, tsatsa ta kama daga ciki inda ido ba ya gani. Batir yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a taɓa shi ba, kuma idan ya daɗe a sauke farantan cikinsa suna yin ɓawon da yake hana shi sake riƙe caji. Taya tana rasa iska, gefen da yake ƙasa ya baje, robar ta bushe ta fara tsagewa. Man birki yana shan danshi, shi ya sa masu ƙera babura da yawa suke cewa a canza shi duk shekara biyu ko an hau ko ba a hau ba. Sarƙa ta yi tsatsa ta ƙage.

To, a dubi abin da yake faruwa ranar da mai babur ya yi niyya ta gaskiya. Ya tashi da sassafe, ya shirya tsaf, ya yaye tamfol, ya murɗa makulli ya danna, sai ya ji ƙas-ƙas-ƙas, injin bai juya ba. Ya tura, ya yi gumi cikin rigarsa mai kauri, babur ya yi tari sau biyu ya mutu. A nan niyyar take ƙarewa, ya mayar da tamfol, ya ce sai ya kira bakanike, kiran da zai ɗauki wasu watannin. Ajiyar farko ita ce ta haifi ta biyu, kuma kowace ta fi ta baya tsada. Wasu suna ganin dabara ce su riƙa tayar da injin na minti biyar a tsaye duk mako. Wannan bai wadatar ba, domin injin ba ya yin zafin da zai kori danshin da ke cikin baƙin mai da salansa, batir kuma ba ya mayar da abin da tayarwar ta ci. Abin da yake amfanar babur shi ne a hau shi a yi tafiya sosai har ya yi zafi.

Akwai waɗanda ajiyar ce ma manufarsu, masu tara tsofaffin babura ko masu gudun kada lambar nisan tafiya ta hau farashi ya faɗi, kuma su ba su ne abin damuwata ba tun da sun san abin da suke yi. Akwai kuma wanda abokan hawansa suka watse, wannan ya yi ƙaura, wancan ya sayar, shi kuwa ashe zumuncin ne yake so fiye da tuƙin.

Mai karatu zai ce to me ya hana su sayarwa? Wani asarar da zai yi ce take hana shi, domin abin da za a taya masa bai kai abin da ya kashe ba. Amma mafi yawa, a fahimtata, sayar da babur ɗin tamkar amincewa ce cewa wani zamani na rayuwarsu ya wuce, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan Adam. Ina tausaya musu a kan haka, sai dai ina ba su shawara su yi wa kansu adalci. Wanda nauyi ne ya hana shi, ya musanya da ƙaramin babur da zai iya turawa da hannu ɗaya, babu abin kunya a ciki. Wanda tsoro ne ya hana shi amma har yanzu ransa yana so, ya nemi horo daga ƙwararre, ya koma fili mara motoci ya sake koyon birki da juyawa a hankali kafin ya shiga titi. Wanda dole ce ta sa zai ajiye na tsawon lokaci, ya canza baƙin mai, ya cika tanki ya zuba maganin da ke hana fetur lalacewa, ya zubar da man da ke cikin kafireta, ya cire batir ya riƙa yi masa caji, ya shafa wa sarƙa mai, ya ɗaga tayoyin daga ƙasa.

Shi kuma mai shirin sayen irin wannan babur daga hannun wanda bai hau shi sosai ba, kada ƙarancin nisan da ya ci ya ruɗe shi. Ya haska cikin tanki da tocila ya ga ko akwai tsatsa, ya matsa birki ya ji ko yana saki, sannan ya duba lambobi huɗu na ƙarshe da ake bugawa a gefen taya, waɗanda biyun farko suke nuna mako, biyun ƙarshe kuma shekarar da aka ƙera ta, domin tayar da zanenta yake sabo fil tana iya kasancewa ta haura shekara goma, kuma irin wannan ba a yarda da ita a kan jiƙaƙƙen titi.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka, ya kuma tsare matafiya duka.

Wassalam,
Wani mai karatunku na kullum.