Alamomin cutar MS da ke zuwa su tafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku mai farin jini don jan hankalin masu karatu kan cutar maltiful sikilerosis, wadda likitoci ke taƙaitawa MS. Ta fi kama masu shekara 20 zuwa 40, kuma mata sun ninka maza sau biyu zuwa uku. Abin da ke sa a makara wajen gano ta shi ne alamominta kan zo su tafi, mutum ya ɗauka ya warke.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka da na gani suna da wani rufi da ake kira mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke juyowa ta cinye rufin, sai saƙo ya riƙa tafiyar hawainiya ko ya yanke. Inda tabon da wannan ɓarna ke bari ya faɗa, can alama take fitowa, shi ya sa da wuya a samu majinyata biyu masu koke iri ɗaya.

Sau da yawa ta ido take farawa, kuma ido ɗaya. Cikin kwana biyu ko uku gani ya koma dishi-dishi, idon na ciwo in an juya shi. A rufe ido mai lafiya a dubi jan abu, za a ga jan ya koɗe. Bayan makonni gani kan dawo, a nan ne mutane ke watsar da maganar. Wani kuma ƙafa ce za ta sage, sagewar tana hawa har ƙugu, ko ya ji kamar an ɗaure masa ƙirji da ɗamara. In ya sunkuyar da kai sai ya ji kamar lantarki ya ja shi daga wuya zuwa gadon baya. Akwai gani bibbiyu, jiri, tangaɗi, fitsarin da ba ya riƙuwa, da gajiyar da barci ba ya maganinta.

Zafi na tsananta alamomin, domin jijiyar da ta rasa rufinta ba ta jure ɗumi. Wanka da ruwan zafi ko zazzaɓi kan dawo da tsohuwar alama, ta lafa da zarar jiki ya huce. Wannan ba sabon tashin cutar ba ne. Likita ba ya kiran abu tashin cuta sai ya wuce awa 24 ba tare da zazzaɓi ba, don haka akan fara gwada fitsari, saboda ciwon mafitsara kan dawo da tsofaffin alamomi, mutane su ɗauka sabon tashi ne.

Kada a haɗa ta da shanyewar ɓarin jiki, wadda ke aukuwa farat ɗaya cikin mintuna, kuma asibiti ake garzayawa nan take.

Shawarata, duk wanda ya ga irin wannan ya rubuta ranar da ta fara, gaɓar da ta shafa, da tsawon kwanakin da ta yi, ya kai wa likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Zai nemi hoton MRI, wato hoton cikin ƙwaƙwalwa da laka, wani lokaci da ruwan laka, da gwajin jini don tabbatar da cewa ba ƙarancin bitamin B12 ba ne. Tashi mai tsanani akan tare shi da maganin rage kumburi da ake kira sitiroyid na kwana 3 zuwa 5, amma magungunan rage yawan tashin daban suke, kuma sun fi aiki in an fara su da wuri.

Naku,
Wani ma'aikacin lafiya