Tsimin ciyawa daga Aboabo

Aboabo, Kumasi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka dame ni da tambayar abin da ragunana suka ci har suka yi wannan ƙiba kafin Layya. To, tsimin ciyawa ne. Ka san nan ba kamar wajenku ba ne: damina biyu gare mu, in ka shanya ciyawa ruwa ya bi ta, ta ruɓe kafin ta bushe. Shi ya sa na koma tsima ta.

Ɗan yayata da ke karatun dabbobi a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, shi ne ya buɗe mini ido. Ashe abin da ke sa gasarar koko ta yi tsami, ya sa madara ta zama nono, shi ne ke tsare ciyawa. Ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, ɗaya sunanta Lactobacillus plantarum. Su ci zaƙin da ke jikin ciyawar, su mayar da shi tsami, tsamin ya hana masu ruɓarwa sakat. Su can a jami'a, a kwalba suke rainon ƙwayoyin, da ɗumi kamar digiri 30 zuwa 37.

Ni nawa na gida ne. In daka ɗanyar ciyawa, in tace da ruwa, in zuba ɗan sukari, in toshe jarka kwana 2. In ta yi ƙamshin tsami, iri ya samu. Sai in yayyafa a kan yankakken karan masara da ɓawon rogo, in danna cikin durom, yara su hau su tattake, wannan kam ba sai an roƙe su ba. A rufe ruf, mako 3 ba mai buɗewa. Iska ce babbar abokiyar gaba.

Karon farko na yi asara. Ruwan famfo na sa, ashe maganin da ke cikinsa kashe su yake yi. Da na buɗe, warin har maƙwabta. Uwargida ta yi kwana uku tana mini dariya. Yanzu ruwan rijiya nake sawa.

Ka gwada da karan dawa tun yana ɗanye. In ka ga fumfuna a sama, kwashe ka zubar, kada ka ba dabba. Durom ɗaya za ka fara da shi tukuna.

A gaida mutanen gida. Kilishin da ka yi mini alkawari, har yau shiru.

Naka,
amininka na Aboabo