Ku daina miƙa wa mai son barin sigari kara ɗaya

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah a ba ni fili in yi magana da 'yan majalisa na unguwanninmu a nan Kaduna, daga Tudun Wada har Rigasa da Kawo, kan wata ɗabi'a da ke ci min rai.

Mutum ya ɗaura niyya ya ce ya bar taba, maimakon a ce Allah ya ba da iko sai ka ji ana "kai malam yaushe ka zama ustaz", wani ya kunna tasa yana busa masa hayaƙi da gangan, wani ya miƙo kara ɗaya wai ai ɗaya ba ta komai. Wallahi wannan ɗayar ce ke mayar da mutane ruwa, domin jiki ya riga ya saba da nikotin, wato sinadarin da ke cikin taba, makon farko kuwa shi ne mai wuya, ga ciwon kai ga rashin barci ga saurin fushi, a lokacin da yake neman mai ƙarfafa masa gwiwa sai ya samu mai ja masa ƙafa. Ni a ganina yawancin masu yin haka ba sa son a bar su su kaɗai ne a cikin abin.

A gida ma haka, uwargida ko yaya su ce "ai bara ma haka ka ce". To ya ce, kuma ya sake gwadawa, da yawa sai sun faɗi sun tashi kafin su rabu da ita. Ku yi haƙuri da faɗansa na 'yan kwanakin nan, zai wuce.

Kai kuma ɗan'uwa mai ƙoƙari, ka faɗa musu sau ɗaya cewa ka bari, kar ka tsaya gardama. In ba su ji ba ka canja wurin zama ko na wata guda ne, ba gaba ba ce. Bayan cin abinci da wajen mai shayi nan sha'awar ta fi tasowa, ka riƙe aswaki a aljihu. Kana iya wuni ba ka zuƙa ba a watan azumi, kenan za ka iya. In abin ya haɗa da wiwi ko ƙwaya ka je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ba abin kunya ba ne.

Sannan dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma masu tireda na yi a fili. Hukuma ta duba wannan dan Allah.

Mai karatunku daga Tudun Wada, Kaduna.