Shan ruwa kaɗai ba ya isar tsoho a zafin birni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na lafiya na daren Talata daga farko har ƙarshe, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da yadda baƙonku ya taƙaita shawararsa ga tsofaffi a kan su yawaita shan ruwa su zauna a inuwa, sai ka ce da tsakar rana kaɗai zafi yake kisa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ko ƙofar gida bai taka ba a makon da ya rasu. Ɗakinsa yana hawa na ƙarshe na bene, a tsakiyar gine-ginen siminti da titunan kwalta da suke shan rana tun safe su amayar da zafin bayan ta faɗi, har ƙarfe uku na dare idan ka dafa bangon da ke gefen gadonsa sai ka ji shi da ɗumi. Kofin ruwan da na ajiye masa da yamma cike na tarar da shi da safe, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa yadda muke ji, jikinsa kuma ba ya fitar da gumi sosai. Ga maganin hawan jini mai sa yawan fitsari da yake sha, wanda babu wanda ya taɓa gaya mana cewa yana ƙara rage ruwan jiki. A takardar asibiti bugun zuciya aka rubuta, ba a ambaci zafi ko sau ɗaya ba.

Da baƙonku ya duba abin da ya faru a Faransa a watan Agustan 2003, inda tsananin zafi ya kashe kusan mutum 15,000, akasarinsu tsofaffi, ko na birnin Shikago a Amurka a 1995, inda fiye da 700 suka rasu, wasunsu a ɗaki su kaɗai da tagogi a kulle saboda tsoron ɓarayi, da ya gane cewa mu 'ya'ya da maƙwabta ya kamata a yi wa magana. Mu ne za mu leƙa su cikin dare, mu miƙa musu ruwan har bakinsu, mu sauko da su ɗaki mai iska.

Sannan kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar masu magana ya yi ƙarfi, rabin amsar likitan da kyar na ji ta. Don Allah a rage shi.

Naku mai sauraro a kullum.