Ina Aka Kwana Kan Shari'ar 'Yan Sandan da Suka Yi Harbi?

Malam Edita,

Tun da aka rusa SARS, rundunar 'yan sanda mai yaƙi da fashi da makami, a ranar 11 ga Oktoba, 2020, sakamakon zanga-zangar adawa da ita, jihohi da dama suka kafa kwamitocin bincike, amma har yau iyaye da yawa ba su ga an gurfanar da waɗanda suka harbe 'ya'yansu ba. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 ma an sake zubar da jini, alhali sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba mu 'yancin taruwa cikin lumana. Ba na goyon bayan ƙona dukiya ko kaɗan. Sai dai diyya kaɗai ba ta share hawayen uwa, don haka ina roƙon Ministan Shari'a ya kai jami'an da bincike ya kama kotu.

Naka,
Wani mai karatu, Abuja